JIRGIN ƘASA NA KARA A JANDUTSI

A cikin kakar da ta wuce, bayan an gama yankan dawa, rangadin duba makarantu ya kai ni ƙasar Jega, na biyo ta Jandutsi. Da la'asar ina zaune gindin wata tsamiya, ina jira a liƙe mini tayar da ta yi faci, sai ga yara huɗu suna jan wani abu da zare, ɗayansu yana yi masa kuka da baki. Da suka matso sai na ga ashe jirgin ƙasa ne, kai guda da tarago uku, duk na karan dawa, ƙafafunsa kuwa na sakaina.

Na ce, "Samari, wa ya yi muku wannan?" Babbansu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muka yi." Na ce, "Ka taɓa ganin jirgin ƙasa?" Ya ce, "A'a, Malam, a wayar yayana na ga hotonsa."

Ban yi mamakin amsarsa ba, gama dogo bai taɓa shigowa ƙasar Gwandu ba. Hanyar jirgin da aka taso da ita daga Baro a bakin Kwara ta isa Kano a 1911. Reshen da ya rabu daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, an kai shi can domin kwasar gyaɗa da auduga, daga nan kuwa bai ƙara gaba ba. Sabo da haka mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama ya kan tsufa bai ji kukan jirgi ba, in ba fatauci ya fitar da shi ba.

Abin da na ke so masu karatu su sani shi ne, wannan da mu ke kira wasan yara, a ƙasashen Turai sana'ar nishaɗi ce ta magidanta. Mutum ya kan shimfiɗa ɗan dogo a lambun gidansa, da gada da tasha, ya ƙera kan jirgi da taragai da hannunsa tun daga tushe, ya yi shekara yana aikin tarago guda. A Ingila akwai wani ƙauyen kwaikwayo, Bekonscot, wanda aka buɗe wa jama'a a 1929, ƙananan jirage suna kewaya ƙananan gidajensa. A Jamus kuma kamfanin Lehmann ya fitar da jiragen lambu masu suna LGB a 1968, faɗin dogonsu milimita 45. Bambancin aikinsu da na yaran Jandutsi abu guda ne, watau awo. Su da ma'auni su ke yi, namu kuwa da ido.

To, ga yadda malami zai shigo da awon. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau inci 42. In aka rage kowane abu sau 24, rabin inci ya tsaya a madadin ƙafa guda, tsakanin ƙarafan dogo ya zama inci 1¾, wanda ya yi kusan daidai da milimita 45 ɗin nan ta Turawa. Tarago mai tsawon ƙafa 60 sai ya koma inci 30, mutum mai ƙafa 6 ya koma inci 3, daga nan a san tsayin ƙofa da na kujera. Yaron da ya yi wannan lissafi sau goma domin kada taragonsa ya fito a karkace, ya san rabawa da ɓangare sanin da bulala ba ta koya masa. Sai a zana kome a takarda tukuna, gefe da gaba da bisa, kafin a taɓa wuƙa.

Kayan aiki ba sai an je Ikko ba. Totuwar kara ita ce ginshiƙi, ɓawonsa in an tsaga shi siriri shi ne ƙusa. Amma kara abincin gara ne, ba ya kuwa jure damina. Wanda ya ke son abin da zai daɗe, sai ya yi gindin tarago da falankin akwati, jikinsa da gwangwanin madara ko na man gyaɗa da aka buɗe aka daddale, a lanƙwashe bakinsa ciki don kada ya yanki hannu. Mai gyaran fitila ko maƙerin fari na kasuwa ya iya liƙi da dalma, zai kuwa nuna wa yara in an roƙe shi da ladabi. Tagogi a yi su da farar robar kwalbar ruwa, a shafa fenti sau biyu sabo da tsatsa.

Wurin da gwaninta ta ke shi ne ƙafa. Jirgin yaran nan a kan rairayi ya ke tafiya, duk inda zare ya ja shi. Jirgin gaske kuwa ba shi da sitiyari, dogo ne ke bi da shi. Kowace ƙafarsa tana da leɓe ta ciki mai hana ta sauka, fuskarta kuma ba a miƙe ta ke ba, ta fi kauri wajen leɓen, ta ɗan tsuke wajen waje. Ƙafafu biyu a kafe su ke jikin sanda guda, tare su ke juyawa. Sa'ad da jirgi ya shiga kwana, sai ya ɗan gusa waje, ƙafar waje ta hau kan kaurinta, ta ciki ta sauka kan sirantarta, ta haka ta waje ta kan ci ƙasa fiye da 'yar'uwarta ba tare da sun rabu ba. Malami ya iya nuna wannan da kofunan roba biyu da ya haɗa baki da baki, ya gangarar da su bisa sanduna biyu.

Dogon kansa a yi shi da langalanga a tsaye, a soka shi cikin tsagar da aka yi wa guntayen katako da zarto. A yanki ɗan itace mai inci 1¾ ya zama ma'auni, a riƙa gwada shi kowane taki. A daidaita ƙasa, a zuba tsakuwa don ruwa ya tsiyaye. Wajen kwana a kafa turke, a ɗaura igiya mai ƙafa 4, a zaga da ita a ja layi, gama kwana in ta matse, dogon tarago faɗuwa ya ke yi.

Saura abin da zai tafi da shi. Kawunan jirgi na dā kwal ɗin Inugu su ke ci, wuta ta tafasa ruwa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. A bayyana wa yara wannan, amma ina gargaɗi da babbar murya, kada a bar yaro ya toshe gwangwani da ruwa ya ɗora a wuta. Tukunyar da ba ta da mashaƙar rage tururi fashewa ta ke yi, ta ƙone fuska, ta makantar. Ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, da batir biyu, da zaren roba, sun isa su ja tarago uku lafiya lau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. A wani gari da ba zan ambata ba, na taɓa tarar da malami ya tattake motar kara da wani yaro ya zo da ita, wai shiririta ce. A jadawalinsa kuwa akwai sa'ar aikin hannu, amma tsintsiya a ke sa yara su sayo a kasuwa a ba su maki. Wannan hasara ce babba. An buɗe sabon dogo mai faɗin ƙafa 4 da inci 8½ tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, an aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, kusa da yaran nan. Wa zai cika azuzuwanta, wa zai gyara jiragen, in mun kashe hannun yaro tun yana ɗan shekara goma? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sabo da haka ina roƙon malamai, musamman masu fitowa daga kwalejin horon malamai, kowa ya keɓe ɗan fili a bayan aji, ya shimfiɗa dogo ko da na ƙafa 20 ne, aji guda ya yi kai, wani ya yi taragai. Iyaye kuma in sun ga yaro da kara da wuƙa, su ba shi ma'auni maimakon tsawa. Kafin in bar Jandutsi na ba babban yaran nan rular da ke aljihuna, na ce in na komo ina so in tarar da jirginsu bisa dogo. Allah ya sa su cika, ya kuma yi wa hannuwansu albarka, amin.