Lupe Fiasco: Tsakanin Abinci da Giya

A unguwannin talakawa na birnin Shikago, allon shagunan bakin titi kan ɗauki kalma biyu: abinci da giya. Daga nan Wasalu Muhammad Jaco, wanda duniya ta sani da Lupe Fiasco, ya samo sunan kundin waƙoƙinsa na farko, Food & Liquor, wanda ya fito a 2006. A wurinsa abinci shi ne alherin da ke cikin ɗan Adam, giya kuwa sharrinsa, kuma rufi ɗaya ne ya haɗa su.

An haife shi ranar 16 ga Fabrairun 1982 a gidan Musulmi. Mahaifinsa, Gregory Jaco, injiniya ne, malamin karate, kuma tsohon ɗan ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙar fata. Yana yaro ba ya ko son jin hip hop saboda ashar da cin mutuncin mata da suka cika ta, sai da ya saurari kundin mawaƙi Nas na 1996 ya gane cewa wannan salo zai iya ɗaukar magana mai nauyi.

Abin da ya fi jan hankalina game da shi shi ne bai taɓa ɓoye addininsa don neman kasuwa ba, bai kuma mai da shi haja ba. Da isti'aza da bisimilla ya shiga kundin nan na farko, a Amurkar da ke yi wa Musulmi kallon hadarin kaji bayan harin 11 ga Satumban 2001. Bai kira kansa malami ba. Ya sha faɗin cewa shi ma yana tuntuɓe. Masu ganin kiɗa da imani ba sa ga-maciji suna da hujjarsu, amma da wuya su zarge shi da fuska biyu.

Ya ci kyautar Grammy a 2008, ya yi ta kai ruwa rana da kamfanin waƙoƙi na Atlantic kafin kundin Lasers ya fito a 2011, sannan a 2022 jami'ar MIT ta gayyace shi ya koyar da fasahar rap.

A ganina aikinsa mafi zurfi shi ne Drogas Wave na 2018. Nan ya ƙago labarin bayin da aka kwaso daga Afirka, suka faɗa teku daga jiragen fataken bayi, amma ba su mutu ba. Suka zauna a ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen da ke biyo baya ɗauke da 'yan'uwansu.