Neman Hotunan Haɗarin Jirgin Sama a Zaurukan Labarai na Intanet da Yadda Rumbunan Saƙonni Suke Ajiya

1.0 Gabatarwa

Ranar Asabar, 4 ga watan Mayu, 2002, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, wani jirgin fasinja na kamfanin EAS, samfurin BAC 1-11, ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da nufin zuwa Legas. Jirgin ya zarce ƙarshen titin tashi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa yin sama, ya rikito a kan gidajen jama'a a unguwar Gwammaja. Mutum 77 ne a cikinsa, huɗu kawai suka tsira. Cikin waɗanda suka rasu har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Rahotannin farko sun kai adadin mamata zuwa wajen 148, amma lissafin da aka tsaya a kansa daga baya shi ne 103, wato 73 a cikin jirgi da 30 a ƙasa.

A ƙaddara cewa wani ɗalibi ɗan unguwar Jakara, wanda aka haifa bayan wannan al'amari, ya zaɓi ya rubuta kundin kammala karatunsa a kansa. Tsakanin Jakara da Gwammaja babu nisa, duk suna hangen Dutsen Dala, kuma ba zai rasa dattijon da ya je wurin a ranar ba. Amma ɗalibin yana son hoto, ya kuma ji ana cewa duk abin da ya taɓa shiga intanet yana nan har abada. A wannan babi za a yi bayanin abin da ya sa wannan magana ba ta tabbata ba, ta hanyar duba ɗaya daga cikin tsofaffin kafofin da masu sha'awar jiragen sama suke musayar hotuna a wancan zamani, wato zaurukan labarai na Usenet.

2.0 Ma'ana da Asalin Zaurukan Labarai

Usenet tsari ne na musayar saƙonni tsakanin kwamfutoci, wanda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke da ke Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro a shekarar 1979, ya fara aiki a 1980. Ke nan ya girmi shafukan intanet da aka saba da su da fiye da shekara goma. An kasa shi gida-gida, kowane gida da batunsa, kuma waɗannan gidaje su ne ake nufi da zaurukan labarai. Kalmar zaure ta dace da su, domin kowa yana iya shiga ya saurara, ko ya tofa albarkacin bakinsa, ko da bai san mai gida ba.

Sunan kowane zaure yana tafiya ne daga jinsi zuwa nau'i, ana raba gaɓoɓinsa da ɗigo. Alal misali, soc.culture.nigeria zaure ne na tattauna al'amuran Nijeriya, su kuwa waɗanda suka fara da rec.aviation na masu sha'awar tuƙin jirgi ne. Akwai kuma alt.disasters.aviation na zancen haɗurra. Waɗannan duka na rubutu ne zalla. Hotuna suna da nasu ɓangare dabam, wanda sunayensa suke farawa da alt.binaries, kamar alt.binaries.pictures.aviation. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan rarrabewa tsakanin zauren rubutu da zauren hoto da kyau, domin a kanta sauran bayanin zai ginu.

3.0 Yadda Saƙo Yake Yaɗuwa

Usenet ba shi da cibiya guda. Akwai dubban manyan kwamfutoci a jami'o'i da kamfanonin sadarwa, waɗanda a nan za a kira su rumbunan saƙonni. Idan mutum ya rubuta saƙo, yakan miƙa shi ne ga rumbun da yake hulɗa da shi. Wannan rumbu zai ba saƙon lamba wadda babu wani saƙo mai irinta a duniya, sa'an nan ya tallata shi ga maƙwabtansa. Wanda bai da shi ya karɓa ya kwafa, ya tallata wa nasa maƙwabtan, wanda kuwa ya riga ya samu ta wata hanya ya ce ya ƙoshi.

Abin ya yi kama da yadda labari yake tafiya a zamanin fatake. Ayari ya taso daga Kasuwar Kurmi da labari, ya sauke shi a zangon farko, wani ayarin ya ɗauka ya kai zango na gaba, har ya isa Agadas ko Gwanja. Babu zangon da yake mallakar labarin, kuma babu sarkin zangon da aka ɗora wa alhakin riƙe shi. Haka rumbunan suke. Mai kula da kowane rumbu shi yake yanke irin zaurukan da zai ɗauka da waɗanda zai ƙi, shi kuma yake yanke tsawon lokacin da saƙo zai zauna a wurinsa. Jami'o'i da yawa ba su taɓa yarda su ɗauki zaurukan hotuna ba, saboda cin wuri da kuma irin abubuwan da ake zubawa a cikin wasunsu.

4.0 Wa'adin Ajiya

Wa'adin ajiya shi ne adadin kwanakin da rumbu yake riƙe saƙo kafin ya share shi. Dalilin sharewar kuwa ba ɓoyayye ba ne, faifan ajiya yana da iyaka, saƙonni kuma kullum shigowa suke yi. Hanyoyi biyu aka fi bi. A ta farko, akwai wata manhaja da take zagaya rumbu lokaci-lokaci, galibi da dare, tana duba shekarun kowane saƙo, wanda ya wuce wa'adi ta kawar da shi. A ta biyu, ana ware wa zauruka wani fili ƙayyadadde, a riƙa rubuta saƙonni a jere, idan an kai ƙarshe a koma farko a rubuta sabo a kan tsoho. A wannan hanya ta biyu babu ma tsayayyen wa'adi. Yawan abin da yake shigowa shi yake yanke kwanan abin da yake ciki. Idan aka yi ambaliyar saƙonni a mako guda, abin da zai yi kwana goma sai ya yi uku.

A nan ne hoto ya sha bamban da rubutu. Harafi guda na rubutu yana cin ma'auni ɗaya na wuri, wanda ake kira bayit, saboda haka shafin rubutu cikakke bai fi bayit dubu biyu ko uku ba. Hoto guda matsakaici kuwa yana iya cin wurin shafi hamsin ko ɗari. Bugu da ƙari, tun asali an gina Usenet ne domin rubutu, ba ya ɗaukar hoto kai tsaye. Sai an juya hoton ya koma jerin haruffa da alamomi marasa ma'ana ga idon mai karatu, a aika, manhajar mai karɓa ta sake mayar da shi hoto. Tsohuwar hanyar juyawar, mai suna uuencode, tana ƙara wa hoto nauyin da ya haura kashi ɗaya cikin uku. Sai a shekarar 2001 aka fito da yEnc wadda ƙarinta kaɗan ne.

Saboda wannan nauyi, a farkon shekarun 2000 rumbu na gama-gari yakan riƙe saƙon rubutu makonni ko watanni, amma hoto 'yan kwanaki ne kawai. Wato da a ce wani ya saka hoton Gwammaja a zauren hotunan jirage ranar Lahadi, 5 ga Mayu, to kafin watan ya ƙare yawancin rumbuna sun rubuta wani abu a kansa.

Akwai wata matsala kuma wadda ɗalibai ba su cika lura da ita ba. Babban hoto akan tsinka shi gida-gida, a aika kowane kashi a matsayin saƙo mai zaman kansa, a rubuta 1/5, 2/5, har zuwa 5/5 a kan take. Kowane kashi da hanyar da zai bi. Idan na uku ya maƙale a wani zango, mai karɓa zai tarar da huɗu a hannunsa, hoton kuma ba zai buɗe daidai ba. Don haka masu auna ingancin rumbu abu biyu suke dubawa, tsawon wa'adinsa da kuma cikar abin da ya tara. Rumbu mai dogon wa'adi amma mai giɓi bai fi buhu mai huji ba.

5.0 Waɗanda Suka Ƙi Zubarwa

Tsofaffin saƙonnin da suka tsira sun tsira ne domin wani ya ɗauki nauyin adana su da gangan. Henry Spencer na sashen nazarin dabbobi a Jami'ar Toronto ta Kanada ya riƙa kwafe saƙonni a kan kaset-kaset na kwamfuta daga 1981 zuwa 1991, har suka kai 141. A 1995 aka kafa Deja News domin tara saƙonni da ba da damar bincika su. Kamfanin Google ya sayi wannan taska a watan Fabrairu na 2001, kafin ƙarshen shekarar kuma ya haɗa ta da tsofaffin tarin irin na Spencer, ta koma baya har zuwa 1981. Sai dai wannan taska ta rubutu ce, ba ta adana zaurukan hotuna ba. Ko a rubutun ma, an ba marubuci damar ya sa wata alama a kan saƙonsa da take nuna ba ya son a adana shi.

Daga baya farashin faifan ajiya ya faɗi ƙwarai, kamfanonin da suke sayar da damar shiga Usenet suka shiga gasar tsawaita wa'adi, har manyansu suka daina sharewa. A yau akwai masu tallata wa'adin da ya haura kwana 5,000. Wannan adadi yana iya ruɗin mai bincike, amma idan ya ƙirga baya zai ga bai wuce wajejen shekarar 2008 ba, lokacin da aka daina zubarwa. Abin da aka share a 2002 babu kuɗin da zai dawo da shi. Ita kanta Jami'ar Duke ta rufe nata rumbu a 2010, Google kuma ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet ranar 22 ga Fabrairu, 2024, ko da yake ya bar tsofaffin domin masu karatu.

Abin da ɗalibinmu na Jakara zai iya nema a wannan kafa, ke nan, rubutu ne: labaran da aka kwafo daga kamfanonin dillancin labarai, da muhawarar da aka yi a kwanakin. Wannan ma ba abin rainawa ba ne, domin kowane saƙo yana ɗauke da ranar da aka rubuta shi, yana kuma iya nuna yadda alƙaluman mamata suka riƙa sauyawa daga rana zuwa rana.

6.0 Ina Hotunan Suke?

A watan Mayu na 2002 wayar salula ba ta cika shekara da shigowa hannun jama'a a Nijeriya ba, tun da a watan Agusta na 2001 aka fara ta, kuma wayoyin lokacin ba su da kyamara. Mai son intanet a Kano sai ya je shagon da ake biya a kan awa. Masu ɗaukar hoto a wurin haɗari 'yan jarida ne da ma'aikatan talabijin da jami'an bincike, da yawansu kuma da fim suke aiki. Saboda haka takarda da kaset sun fi rumbun saƙonni alƙawari. Ɗalibi zai fi cin riba idan ya nemi tsofaffin fitowar jaridun Triumph da Albishir na Kano, da New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, a ɗakunan karatu na jami'o'i, ko a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa.

Idan kuwa ya ci karo da hoto a intanet an rubuta Kano a ƙarƙashinsa, kada ya yi gaggawar karɓa. Hoton da ya bi hannuwa da yawa yakan rabu da bayaninsa na asali, tarkacen jirgi kuma kama yake yi wa juna. Kano kanta ta ga haɗari fiye da ɗaya. A ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum 32 suka rasu. A ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgi samfurin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu cikin 202. Ga kuma haɗurran da suka biyo bayan na Gwammaja a wasu sassan ƙasar, kamar na kamfanin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa.

Babbar shaidar da ake rarrabewa da ita ita ce lambar rajista da take jikin jirgi. Jiragen Nijeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U. Lambar jirgin Gwammaja 5N-ESF ce. Na alhazan 1973 kuwa JY-ADO ne, domin hayarsa aka ɗauko daga kamfanin ƙasar Jodan. Idan lambar ba ta fito ba, sai a dubi ƙira. BAC 1-11 injina biyu gare shi, duka a bayan jiki kusa da wutsiya, shi kuwa Boeing 707 huɗu gare shi a ƙarƙashin fukafukai. Bayan haka a dubi muhalli, wato irin ginin gidaje da tufafin mutanen da suke tsaye da rubutun da yake jikin motocin agaji. A nan ɗan birni ya fi baƙo, domin zai iya ɗaukar hoton ya kai wa wanda ya san lungun ya tambaye shi.

Wani abu da ya kamata a faɗa, ko da yake ba na fasaha ba ne, shi ne cewa waɗanda gini ya rufta wa a Gwammaja suna da 'ya'ya da jikoki a raye, mai yiwuwa wasunsu a aji ɗaya suke da mai binciken. Al'ada da addini sun haɗu a kan suturta mamaci. A ganin mai wannan rubutu, hoton tarkace da rusassun gidaje ya isa hujja a kundin ɗalibi, hoton gawa kuwa babu abin da yake ƙarawa ga bincike. Wanda ya samu hoto daga hannun wani iyali ya nemi izininsu kafin ya buga, ya kuma rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da aka ɗauka a bayan kwafinsa tun kafin ya bar gidan.

Aikin Aji

Ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin haɗurran Kano uku da aka ambata, ya nemo rahoton jarida guda na makon da abin ya faru, ya yi hira da mutum guda da ya shaida lokacin, sa'an nan ya rubuta shafi biyu yana nuna inda bayanan biyu suka dace da inda suka saɓa.