Baƙin Ramin Da Ya Farka Bayan Barcin Shekara 26

Ran 15 ga watan Yuni na 2015, wani kumbon bincike na Amurka mai suna Swift ya tsinkayo haske mai ƙarfi yana ɓullowa daga rukunin taurarin da Turawa ke kira Cygnus. Kafin a ce haka labari ya game duniya, masana ilmin taurari suka yi ta juya madubansu na hangen nesa zuwa can. Dalili kuwa shi ne, wurin nan mai suna V404 Cygni rabonsa da irin wannan tashi tun 1989, sa'ad da kumbon Japan mai suna Ginga ya hango shi.

Hasken nan eksire ne, irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da yake iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana tare shi, sai daga kumbo ake iya auna shi.

Akwai abubuwa biyu da ke zagaya juna a wurin. Na farko baƙin rami ne, watau gawar wani ƙaton tauraro da ya dunƙule har ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuce masa. Nauyinsa ya yi kamar tara na rana. Na biyu tauraro ne wanda bai kai rana nauyi ba, yana gama zagaye ɗaya cikin kwana shida da rabi. Cikin 1992 masana suka ba da rahoton cewa sun auna saurin tauraron nan daga tsibirin La Palma, suka ga babu abin da zai iya wujijjiga shi haka, alhali ba a ganinsa, sai baƙin rami.

To, tun da ramin ba ya fid da haske, daga ina hasken ya fito? Daga abincinsa. Ramin yana zuƙo gas daga jikin maƙwabcinsa, amma gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye. Taruwa yake yi yana kewaya ramin kamar faifai. Shekara da shekaru yana taruwa kamar ruwa a bayan madatsa, har ran da kaurinsa da zafinsa suka kai wani haddi, sai ya ɓalle ya kwarara ciki. Gogayya kan sa zafinsa ya kai miliyoyin digiri, kuma wannan zafi shi ke haifar da eksire.

Tashin 2015 ya ba masana mamaki ƙwarai. A wasu lokuta babu abin da ya kai wurin hasken eksire a sararin samaniya duka. Hasken kan yi sama ya faɗo cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan. Bincike ya nuna gas ya yi wa ramin yawa, har ƙarfin hasken ya tayar da guguwa wadda ta watsar da mai yawa daga cikin faifan. Saboda haka cikin mako biyu wutar ta lafa. Bugu da ƙari, cikin 2019 aka ba da rahoton cewa feshin gas da wurin ya riƙa harbowa yana sauya fuska cikin ɗan lokaci, kamar katantanwa in ta fara tangaɗi.

Amfanin wannan bincike ya wuce rami guda. A tsakiyar manyan garkunan taurari akwai baƙaƙen ramuka masu nauyin rana miliyoyi, waɗanda guguwarsu ke iya hana haihuwar sababbin taurari. Abin da suke yi cikin dubban shekaru, wannan ƙaramin ya nuna irinsa cikin kwanaki, a gaban na'urori.

Nisan wurin ya kai tafiyar haske ta shekara 7,800, watau abin da aka gani cikin 2015 ya auku tun kafin a gina dalar Masar. An san ya tashi cikin 1938 da 1956 da 1989 da 2015. Yanzu faifan yana sake cika sannu a hankali, masana kuwa sun zuba ido, don sun san wanda ya makara ran da ya farka, sai ya jira wasu shekaru masu yawa.