Darasin Keffi Ga Mai Naɗa Jakada

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun, duk mai cin abinci da fataucin shanu ko albasa, naɗin jakadan Nijeriya a Yamai ya shafi aljihunsa. Tarihin Keffi ya nuna abin da manzo kan jawo.

A da Keffi tana bin Zazzau, Magaji Ɗan Yamusa kuwa shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin. A watan Oktoba 1902 Razdan Kyaftin Maloni ya nemi ganinsa. Mai kai magana tsakaninsu shi ne Audu Timtim, wanda ake zargin ya juya ta. Magaji ya kashe Maloni, ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Gwamna Lugga ya kafa hujja da wannan, ya ci Kano a Fabrairu 1903.

A zamaninmu ma, da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, an rufe iyaka a Jibiya da Illela har Maris 2024, fatake suka sha asara. Tawagar ECOWAS ta farko ta komo ba ta ga Janar Tiani ba. Muhammadu Sanusi II kuwa, da ya je da rakiyar Sarkin Damagaram, ya gan shi.

Saboda haka kada a mai da kujerar Yamai ladan siyasa. A naɗa mai haƙuri, mai jin Hausa da Faransanci, wanda manyan ƙasar suka sani, ba ya kuma bukatar tafinta.