Hoton ƙirji da na ƙashi: Lambobi biyun da ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga jikin majiyyaci

Mazaunin Dukawuya da likita ya miƙa wa takarda ya ce a je a ɗauko hoto yana da wuraren zuwa da dama. Akwai Asibitin Murtala a cikin birni, akwai Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ce ko gocewa, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, ga kuma ɗakunan hoto masu zaman kansu da suka yawaita a Kano.

Tambayoyin da majiyyata suka fi yi biyu ne: nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a karɓi sakamako. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da ma'aikacin yake dannawa a bayan gilashi kafin ya ce a ja numfashi a riƙe.

Lambobi ne yake saitawa, kuma biyu daga cikinsu, waɗanda ake rubutawa kVp da mAs a jikin na'urar, su ne ke yanke ko hoton zai nuna wa likita abin da yake nema, da kuma yawan hasken eksire da jiki zai sha.

Inuwa ce ake ɗauka

Duk wanda ya taɓa ɗaga yadi sama a Kantin Kwari don ya duba kaurinsa ya san asalin wannan aiki. Inda saƙa ta yi kauri haske ba ya wucewa, inda ta yi shara-shara kuwa sai ya ratsa.

Haka na'urar take harbo wani haske da ido ba ya gani, ya ratsa jiki, ya sauka a kan fim ko faranti a ɗaya gefen. Ƙashi yana tare mafi yawansa, shi ya sa yake fitowa fari. Iskar da ke cikin huhu ba ta tare komai, sai wurin ya fito baƙi. Tsoka da kitse da jini suna tsakani, ruwan toka iri-iri.

Wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ne ya gano wannan haske a ranar 8 ga Nuwamban 1895 a birnin Würzburg, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe a bayyane. Illarsa ma ba ta daɗe ba ta fito. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya riƙa gwada hasken a hannuwansa har ciwon daji ya kama shi, aka yanke masa hannuwan biyu, ya rasu a 1904.

Ƙarfi daban, yawa daban

kVp shi ne ƙarfin wutar da ke harba hasken, ana ƙirga shi da dubban bolt. mAs kuma yawan hasken ne, wato yawan wutar da ke gudana a ninka da tsawon lokacin harbin. Kamar ruwan sama ne da ke dukan zana: ƙarfin da iska ta koro shi da shi daban, yawan wanda ya zubo daban.

Lissafin mAs ba shi da wuya. Idan aka ninka shi, hasken da majiyyaci ya sha ya ninku. Idan aka rage rabi, ya ragu da rabi. A kan fim irin na da, shi ne ke sa hoto ya yi duhu ko ya yi fari fat, amma ba ya sauya bambancin da ke tsakanin ƙashi da nama sosai.

Wannan bambanci aikin kVp ne, kuma a nan ne cinikin yake.

Idan ƙarfin ya yi ƙasa, ƙashi yana haɗiye hasken fiye da nama nesa ba kusa ba, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Sai hoton ya fito fari tas da baƙi wuluk, tsagewar ƙashi ko siririya ce ta bayyana. Shi ya sa ake ɗaukar hoton yatsu da tafin hannu a kan 50 zuwa 60. Matsalar ita ce haske marar ƙarfi ba ya iya ratsa wuri mai kauri, sai ya maƙale a fata da naman da ke ƙarƙashinta. Duk wanda ya maƙale kuwa jiki ne ya sha shi, kuma bai ƙara wa hoton komai ba.

Idan ƙarfin ya yi sama, hasken yana wucewa ta ƙashi da nama kusan bai ɗaya. Hoton sai ya zama ruwan toka mai matakai da yawa. Ga mai neman karaya wannan asara ce, amma ga mai duba huhu alheri ne, domin haƙarƙari da zuciya ba za su rufe abin da ke bayansu ba. Saboda haka ake ɗaukar hoton ƙirjin babban mutum a kan 110 zuwa 125, da mAs kaɗan ƙwarai, cikin ƙiftawar ido, yadda bugun zuciya ba zai ɓata hoton ba.

A jihar da ake fama da tarin fuka kamar Kano, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tabon cutar ya fi zama a saman huhu, daidai inda ƙashin wuya da haƙarƙarin farko suka gitta. Hoton da aka ɗauka da ƙarancin ƙarfi zai iya yi wa wanda bai sani ba kyau a ido, ƙasusuwa farare ƙal, alhali tabon yana ɓoye a bayansu.

Ɗaliban wannan fanni, ciki har da na sashen koyar da ɗaukar hoton jiki na Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta ke maƙwabtaka da Dukawuya, suna haddace wata ƙa'ida: ƙarin kashi 15 cikin 100 a kan kVp yana ninka hasken da ke isa faranti. Don haka za a iya ɗaga kVp a rage mAs da rabi.

Misali, a ce za a ɗauki hoton ƙugu a kan 70 da mAs 20. Idan aka koma 80 da mAs 10, faranti zai samu kusan abin da ya samu da farko, amma abin da fatar majiyyaci ta sha zai ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Abin da aka biya shi ne bambancin fari da baƙi ya ɗan dusashe. Ko likita zai iya haƙura da wannan dusashewar, ya danganta da abin da ya rubuta a takarda cewa yana nema. Takardar da ba a rubuta komai ba sai "hoton ƙirji" tana barin mai ɗaukar hoto cikin lalube.

Jiki ma ba ɗaya ba ne. Kowane santimita huɗu zuwa biyar na nama yana rage hasken da rabi. Cikin mutum mai kaurin santimita 20 ba ya barin abin da ya wuce 'yan kaso ƙalilan cikin ɗari su fita. Ke nan lambar da ta dace da ƙaton ɗan dako ta yi wa siririyar tsohuwa yawa, balle yaro ɗan shekara uku.

Hazo a kan hoto

Wani ɓangare na hasken ba ya tafiya kai-tsaye. Yana karo da nama ya kauce hanya, ya sauka inda ba wurinsa ba, ya lulluɓe hoton da hazo kamar na hunturu. Hanya mafi arha ta rage shi ita ce a tsuke tagar na'urar, hasken ya tsaya a kan gaɓar da ake nema kaɗai. Wannan yana gyara hoto, yana kuma rage abin da jiki ya sha, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hoton ƙirjin jariri da aka ga kai da ciki da cinyoyi duk a ciki alama ce ta cewa an bar tagar a wangale.

Hanya ta biyu wani faifai ne mai siraran layukan dalma da ake sawa tsakanin jiki da faranti, yana tace hasken da ya kauce kamar rariya. Likita Gustav Bucky ne ya ƙirƙiro shi a 1913. Yana fito da hoto sarai, amma yana cinye har da haske mai amfani, sai dole a ninka mAs sau biyu zuwa biyar. Don haka ba a sa shi ga hannu ko ƙafa ko ƙananan yara, sai wurin da kaurinsa ya haura santimita 10 zuwa 12.

Tazara ma lamba ce. Hoton ƙirji ana ɗaukarsa daga santimita 180 don kada zuciya ta fito da girman da ba nata ba, sauran sassa yawanci daga 100.

Na'urar zamani ba ta tona asiri

A zamanin fim da ɗakin wanki mai duhu, kuskure ba ya ɓuya. Haske ya yi yawa, fim ya ƙone baƙi. Ya yi kaɗan, ya fito fari. Ko wanne ne sai an sake, kuma kowa ya gani.

Yanzu wurare da yawa sun koma faranti mai aiki da kwamfuta, wadda ke gyara duhu da hasken hoto da kanta. Idan hasken ya gaza, hoton yana fitowa da ɗige-ɗige kamar tsakin gero, likita ya yi ƙorafi. Idan kuwa ya wuce kima, ko da ninki biyu ko uku ne, sai ya fito sumul, babu mai cewa uffan.

Abin da ke biyo baya sananne ne a asibitocin duniya: ma'aikaci yana ƙara 'yar lamba yau, ya ƙara gobe, don gudun a dawo masa da aiki, a hankali yawan hasken ya yi ta hawa ba wanda ya lura. Domin toshe wannan ƙofa aka fitar da ma'auni na bai ɗaya a 2008, wata lamba da ke bayyana a gefen kowane hoto tana nuna abin da faranti ya samu. Lambar ba ta da amfani idan babu mai dubanta.

Akwai kuma abin da ya shafi Najeriya musamman. Na'urar da ta tsufa, ko wadda ke aiki da wutar da ke hawa da sauka, tana iya nuna 80 a allo alhali abin da take fitarwa daban ne. Ba a gane wannan da ido, sai masanin kimiyyar na'urorin asibiti ya zo da abin awo ya gwada.

Nawa ne ya yi yawa?

Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat. Ko mutum bai taɓa shiga asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, bisa matsakaicin lissafin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni ya bayar a rahotonsa na 2008.

Hoton ƙirji guda ɗaya da aka ɗauka daidai kusan 0.02 ne, daidai da na kwana uku. Hoton gadon baya yana kai 1.5, fiye da na wata bakwai. Hoton ciki da babbar na'urar nan mai kama da rami, wadda ake kira CT, yana kai 8, sama da na shekara uku.

Ke nan wanda ya ƙi hoton ƙirji don tsoro, alhali yana tari mako uku, ya gudu daga ƙaramin haɗari ya faɗa babba. Damuwar masana tana kan tarawa ne: hoton da aka sake sau biyu saboda kuskuren saiti, da wanda aka ɗauka ba don likita ya nema ba sai don majiyyaci ya matsa, da na yaran da ake ɗauka da lambobin manya. Ƙwayoyin halittar yaro suna rabuwa da sauri, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da illa za ta iya bayyana a cikinsu.

Ga ma'aikata an sa iyaka, milisibat 20 a shekara, ga sauran jama'a kuma 1. Majiyyaci ba shi da iyaka a doka, domin wani lokaci ceton ransa na buƙatar hotuna da yawa. Abin da aka ɗora wa asibiti shi ne hujjar ɗaukar hoton, da kuma amfani da mafi ƙarancin hasken da zai ba da amsa.

A Najeriya hukumomi biyu ne ke da ruwa da tsaki. Hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin na'ura da ɗakin da aka girka ta. Hukumar rajistar masu ɗaukar hoton jiki, RRBN, da aka kafa a 1987, ita ke tantance wanda zai taɓa maɓallan. Majiyyaci yana da damar tambayar ko wurin da mai aikin suna da rajista.

Abin da ke hannun majiyyaci

Ba shi zai zaɓi kVp ba, amma yana iya hana a sake masa hoto. Sarƙa da 'yan kunne da tsabar kuɗi a aljihu da maɓallin ƙarfe duk suna fitowa farare su rufe wuri. Laya ko guru da aka ɗaura a ƙarƙashin riga ma suna iya barin inuwa da za ta rikita mai karanta hoton, gara a cire su tun kafin a shiga. Motsi ko sakin numfashi kafin a ce a saki yana daga cikin dalilan da suka fi sa a maimaita.

Mace mai juna biyu, ko wadda ke zargin tana da shi, ta faɗa kafin ta tsaya gaban na'ura. Ba lallai a fasa ba, domin hoton ƙirji ko na ƙafa yana nesa da mahaifa, amma na ƙugu da na gadon baya sai an sake shawara. Sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki a awo kuwa da amon sauti yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan.

Uwa ko uban da aka ce ya riƙe yaro a lokacin ɗauka ya nemi a ba shi rigar dalma ya sa. Tsohon hoto kuma, ko na fim ne a cikin ambulan ko wanda aka tura a waya, a je da shi duk asibitin da aka koma, da kwanan watan da aka ɗauke shi.