Tsawon Jalutu kamu shida ne ko huɗu? Abin da tsofaffin kwafin Attaura suka nuna

Duk ɗan kasuwar da ya saba sarin atamfa tsakanin Garwa da Mubi ya san ba a karɓar kaya sai an tambayi inda suka fito da hannun da suka bi. Wannan tambaya ita ce masana suka daɗe suna yi wa littattafan Ibrananci, wato Attaura da Zabura da littattafan annabawa, waɗanda Kiristocin arewacin Kamaru ke karantawa a fassarar Hausa, wadda ta fara fita a 1932, da ta Fulatanci ta 1983. Ko shakka babu, mai fassara daga wani kwafi yake ɗauka, kuma ainihin rubutun farko bai zo hannun kowa ba. To wane kwafi ne abin dogaro?

Mafi yawan masu fassara suna bin matanin Masoret ne. Masoret malaman Yahudawa ne, waɗanda suka fi shahara su ne na garin Tabariya. A da, baƙaƙe kawai ake rubutawa a Ibrananci, kamar Larabci ko ajami marar wasali, sai waɗannan malamai suka sa wasali, suka kuma riƙa ƙirga kalmomi da haruffa don kada mai kwafa ya rage ko ya ƙara. Cikakken kwafinsu mafi tsufa an rubuta shi a Alƙahira wajen shekarar 1008, yau yana ajiye a birnin St Petersburg na Rasha. Kwafin Halab ya girme shi, na wajen 930 ne, amma wani sashe nasa ya salwanta bayan tarzomar 1947.

Na biyu shi ne fassarar Girkanci da ake kira Saftuwajinta, wadda Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Manyan kwafinta na ƙarni na huɗu ne, ke nan sun girme na Alƙahira da shekaru fiye da 600. Na uku kuwa Attaurar Samariyawa ce, mai littattafai biyar kacal, wadda ta saɓa wa matanin Masoret a wurare kusan 6,000, akasarinsu bambancin rubutun kalma ne, sai dai ta ƙunshi umarnin yin bauta a Dutsen Gerizim, wurin ibadarsu.

An daɗe ana muhawara, wasu na cewa masu fassarar Girkanci ne suka yi sakaci. A 1947 sai makiyaya Larabawa suka ci karo da tuluna ɗauke da naɗaɗɗun fatu a kogunan duwatsun Kumran, gefen Tekun Gishiri. Zuwa 1956 an samu rubuce-rubuce a kogo 11. Daga ciki akwai cikakken littafin Annabi Ishaya, mai tsawon mita bakwai da ɗoriya, wanda aka rubuta a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka gwada shi da matanin Masoret, duk da tazarar sama da shekara dubu, sai aka ga sun yi daidai a mafi yawan wurare, bambancin galibi na haruffa ne da nahawu.

To amma Kumran ta kuma wanke masu fassarar Girkanci. Mai karatu ya san labarin Annabi Dauda da Jalutu. Matanin Masoret ya ba Jalutu tsawon kamu shida da taƙi, wato kusan mita uku. Saftuwajinta ta ce kamu huɗu da taƙi, kimanin mita biyu. Kwafin Ibrananci na littafin Sama'ila da aka samu a Kumran shi ma huɗu ya ce, haka kuma ɗan tarihin Yahudawa Yusifus na ƙarni na farko. Hakazalika littafin Irmiya na Girkanci ya gaza na Masoret da kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma an samu guntun Ibrananci a Kumran mai bin wannan gajeren tsari. Ashe masu fassarar wani kwafin Ibrananci ne daban ke gabansu.

Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, babu kwafin da ya fi sauran a kowane wuri. Matanin Masoret ne ginshiƙi saboda kulawar da ya samu, amma aya-aya ake aunawa, a duba wane karatu ne ya fi tsufa, wane ne kuma zai iya bayyana yadda ɗayan ya samo asali, kwatankwacin yadda malaman hadisi ke gwada ruwayoyi. Shi ya sa fassarori da dama ke sa ƙaramin bayani a ƙasan shafi inda kwafin suka saɓa.

Saboda haka, idan gardama ta kaure a rumfa tsakanin Musulmi da maƙwabcinsa Kirista, wanda ya ce babu ko harafi ɗaya da ya bambanta ya wuce gona da iri, haka ma wanda ya ce kwafin ba su yi kama da juna ba. A nemi aya, a tambayi kwafin da ta fito da shekarar da aka rubuta shi, sannan a yi magana.