Hukuncin Fashi a Zamfara: Wa Ke Isa Gaban Alƙali?

A takarda, ɗan fashi ba shi da mafita a Zamfara. Kundin shari'ar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Janairun 2000 ya tanadi haddin hiraba: wanda ya tare hanya ya ƙwaci dukiya, a yanke masa hannun dama da ƙafar hagu, wanda ya yi kisa, a kashe shi. Dokar tarayya ta 1984 ma kisa ta yanke wa mai fashi da makami. A 2022 kuma Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a wata dokar, kisa ga ɗan bindiga da mai garkuwa da mutane, ɗauri mai tsawo ga mai taimaka musu.

Duk da haka mutumin Sakajiki, a ƙasar Kauran Namoda, sai ya tambayi labarin hanya kafin ya hau mota.

Ciwon yana wajen shaida. Haddi ba ya tabbata sai da shaidu biyu adilai, ko iƙirarin da mai shi ke da damar janyewa, shubuha kuwa tana kawar da shi. Wane manomi ne zai tsaya a kotu ya nuna yaran ɗan bindiga Bello Turji, alhali da yamma zai koma gona a bakin dajin Shinkafi? Sai tuhuma ta rataya a kan iƙirarin ofishin 'yan sanda, lauya ya ce da duka aka karɓa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mara masa baya.

Shi ya sa aka fi kama ƙanana: mai kai burodi daji, mai sayar da fetur a jarka, ɗan acaɓa. Kariyarsu ɗaya, tilas. Wani ƙarya yake, cinikin ya yi masa daɗi. Wani kuwa 'yarsa ce a hannun 'yan bindiga. Zai yi wuya alƙali ya bambance su ba tare da bincike ba.

Manyan kuwa sulhu ake yi da su, kamar a 2019, har a ce ai sun tuba. Gaskiya ne tuba kafin kamu na sauke haddi a mazhabar Malikiyya, amma ba ta sauke haƙƙin jini da dukiya. Wannan rabin ne aka tsallake. Wanda aka kashe wa uba a Zurmi bai ga diyya ba, bai ga ƙisasi ba, sai ya shiga 'yan sa-kai, inda ba a tambayar shaida.